Gwaggo da Mutanen Adakarta

Ranar da Gwaggo ta rasu, tun ba a gama yi mata wanka ba tsakar gidanmu ta cika, babu inda za ka sa ƙafa. Da hantsi Allah ya karɓi abinsa, kafin azahar duk matan layinmu na Fagge sun hallara, kowace da mayafinta da fuskar da ta tanada domin irin wannan rana. Ni ina ta shimfiɗa tabarmi ina ɗebo ruwa a randa, kunnena kuwa yana kwasar abin da ban so ji ba.

"Allah sarki, baiwar Allah. Ba a taɓa mace mai son yara kamarta ba," in ji maƙwabciyarmu ta jikin katanga, tana matse ido da gefen mayafi.

Ita ce fa ta laƙaba wa Gwaggo suna Uwar Gumaka. Ita ce ta hana 'ya'yanta shan ruwa a gidanmu, wai kada su sha abin da aka zuba wa aljanu.

Wata daga bayan masallaci ta karɓe, "Ni dai na sha faɗa, tsohuwar nan 'yar aljanna ce."

Wannan kuma ɗanta mai raunin hankali yana can ɗaure da igiya a ƙafa, a rumfar awaki, a daidai lokacin da take maganar. Gwaggo ta yi zarya gidanta har ta gaji, tana roƙon a ba ta yaron ko da na yini ɗaya ne. Amsar da ta samu ta ƙarshe ita ce a fuskarta aka ce ba a haifa mata ba. Ban gama haɗiye wannan ba sai na ji wata tana tambayar ta kusa da ita, ƙasa-ƙasa, ko wa zai gaji gadon ƙarfen nan da tasoshin da ke kansa. Gawar tana ɗaki, labule kaɗai ne tsakani. Na ajiye kwanon ruwa na zaga bayan ɗaki na yi ta tofar da yawu.

Da na leƙa zaure don in miƙa buta, sai na hango waɗanda mutuwar ta taɓa da gaske. Suna tsaye a rana, a waje. Akwai wata yarinya makauniya 'yar mai kifi, da yaron da ke jan jiki da katako a hannu, da wasu kurame biyu 'yan gida ɗaya. Babu wanda ya aiko su, da kansu suka zo. Wani dattijo da ke kusa da ƙofa ya kaɗa musu carbi ya ce, "Ba yau ake sadaka ba, ku dawo ranar uku."

Yaran da suka fi shekara biyar suna shiga gidan nan kamar gidan ubansu, ranar mutuwarta aka ɗauke su masu bara.

Shi ya sa na ɗauki alƙalami, da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci. Idan na bar labarin Gwaggo a bakin mutanen nan, nan da baɗi za su mayar da ita wata salihar tsohuwa mai carbi da raba alewa, wadda ba ta taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ba haka take ba, kuma ba haka suka ɗauke ta ba tana raye.

Gwaggon maigidana ce, yayar mahaifinsa marigayi. Iyayensu daga Barno suka zo suka zauna a Fagge tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano, ita ma har ta mutu da zanen can a fuskarta. Ta yi aure ta haihu, 'ya'yan duk suka koma tun suna goye, mijin ma ya bi su, sai ta dawo gida aka ba ta ɗakin da ke kusa da rijiya. Babban gidan kuwa ƙaninta ne, wanda muke kira Baffa, mai sarin atamfa a Kantin Kwari. Doguwa ce, busasshiya, haƙoranta sun rine da fure da goro. Tana da baki. Idan babba mai lafiya ya yi mata shirme ba ta ɗaga masa ƙafa ko waye. Kuma ɓarauniyar maɓalli ce, wannan ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya shanya riga a igiyar gidanmu ya juya baya, zai dawo ya tarar babu maɓalli ɗaya ko biyu. In ka yi magana ta ce, "Kai kana da ido biyu a kanka, shi wanda nake ɗinkawa ba shi da ko ɗaya."

Ɗana na fari, wanda ba zan faɗi sunansa ba, yana shekara uku sanƙarau ya kama shi. Ya tashi, amma kunnen bai tashi ba. 'Yan kalmomin da ya fara iyawa suka zube ɗaya bayan ɗaya, ya koma sai gurnani da ihu da jifa da kwano. Masu zuwa dubiya suna tsayawa a kansa suna cewa da ma Allah ya ɗauke shi ya huta. A gabana suke faɗa, suna cin gyaɗata. Baffa ya ce kada a ƙara barinsa ya fito zaure in da baƙi, don sautin da yake yi ba daɗin ji.

Gwaggo ce kaɗai ta ce, "Kunnensa ne ya mutu, ba shi ba." Angona take kiransa, irin wasan kaka da jika.

Abin da ya sa ta fara ɗinkin nan, motar gyaɗa ce. Wata rana yaron ya sulale ya fita titin da manyan motoci ke bi zuwa tasha. Direba yana ta danna ƙaho, mutane suna ta ihu, shi yana tsugune yana tsintar gyaɗar da ta zube. Wani mai ɗaukar kaya ne ya fizge shi, taya ta bi ta kan takalminsa. Maigidana ya zane shi da tsumagiya don tsoro, yaron yana kuka yana duban fuskokinmu, bai san laifin da ya yi ba. Gwaggo ta ƙwace tsumagiyar ta karya.

"Ka doke shi har gobe, bai san don me ba. Ka nuna masa mana."

"Ta yaya zan nuna masa, Gwaggo?"

Washegari ta ɗauki ƙwarya ta bi rumfunan teloli tana tsintar ƙyallayen da suka zubar. Ta yini a ɗaki. Da la'asar ta fito da wani ɗan mutum a hannunta, kansa cushe da audugar rimi, rigarsa ta rufe mata hannu har gwiwa. Ba irin 'yar tsanar da muka sani ta kara ko ta ƙashi ba ce, wadda ake goyawa. Wannan hannu ake zurawa a ciki, ya ɗaga kai, ya waiga, ya buɗe baki. Ta yi mota da gwangwanin kifi da murafan kwalba, ta ba ni zare ta ce in ja. Ɗan mutumin yana tsugune yana tsinta, mota ta zo ta bayansa ta buge shi, ya faɗi ya miƙe ƙafa. Gwaggo ta ɓata fuska kamar za ta yi kuka. Sai ta tashe shi aka sake. Wannan karon ya zo bakin hanya ya tsaya, ya duba nan, ya duba can, mota ta wuce, sannan ya tsallaka. Ta yi masa tafi.

Ɗana ya daina shan hannu, ya matso. Ya karɓi zaren daga hannuna ya ja da kansa. A karo na gaba, da ɗan mutumin ya yi kamar zai tsallaka bai duba ba, sai yaron ya kama kansa da hannu biyu ya juya shi hagu da dama. Tun ranar ban ƙara ganin ya taka titi bai waiga ba.

Daga nan adakarta ta fara cika. Mutanena take ce musu. Akwai tsohuwa mai farin gashi na zaren auduga, da mai gemu, da amarya, da kura, da akuya. Bakinsu da jar fata take yi, wadda take roƙowa wurin dukawa, har da harshe mai motsi da ɗan yatsa, haƙora kuma na wuri. Da su ta koya wa ɗana cewa wuta tana ƙuna, rijiya tana da zurfi, ana gaida babba, ba a ɗaukar abin wani. Da su suka ƙirƙiro maganar hannu tsakaninsu, kowane abu da alamarsa, har ni da mahaifinsa muka koya. Alamar Gwaggo ita ce a haɗa yatsu a buɗe kamar baki. Alamar Baffa a shafa gemu a turo ciki. Tana kuma kama hannun yaron ta ɗora a maƙogwaronta, ɗan mutumin yana buɗe baki a ɗaya hannun, har ya iya fitar da "Baba" da "ruwa", a karkace amma ana ganewa.

Labari ya bazu, iyaye mata suka fara kawo nasu a ɓoye, ta ƙofar baya, kamar masu kai kayan sata. Kowane yaro da irin nasa. Na makauniyar nan kowanne da abin da aka ɗinka masa a wuya, wani ƙararrawa, wani 'ya'yan baban rini masu kacau-kacau, jikin wani karan-miski, na wani buhu, don ta gane su da kunne da yatsa. Da su ta koyi ƙirga, ta koyi dama da hagu. Gwaggo ba ta karɓar komai. In uwa ta tsaya tana surutun godiya sai ta ce, "Matsa, kin tare masa haske." Kullum maganarta ke nan, don kurma da ido yake ji. Ko liman ne ya tsaya tsakanin yaro da rana sai ta ce ya matsa.

Rigimarta da Baffa a kan alwala ta tashi. Ɗana ya kai shekara bakwai, babu malamin da ya yarda ya karɓe shi, sai Gwaggo ta samo 'yar ƙaramar buta ta sa mai gemu yana wanke hannu, yana kurkure baki, yaran suna bi. Baffa ya shigo ya tarar da su. Ya tsaya kamar ya taka kashi.

"Yaya, abin naki har ya kai nan? Gunki ne yake alwala a gidana?"

"Tsumma ne, ba gunki ba. Atamfar kantinka ce ma."

"Mala'iku ba sa shiga gidan da ake ajiye irin waɗannan. Kin mayar mini da gida matattarar musakai, mutane suna nuna ni a kasuwa."

Gwaggo ta zare hannunta daga cikin mai gemu ta miƙa masa butar. "To ga shi. Kai da ka yi karatu, zauna ka koya masa. Jikanka ne. Ka koya masa yau, ni da hannuna zan ƙone su gobe."

Baffa ya dubi yaron, yaron ya yi masa murmushi ya yi wannan sautin nasa. Na ga yadda Baffa ya janye gefen rigarsa kada ta taɓa shi. Ya juya ya fita. Bai koya masa ba, bai kuma fasa zagin masu koya masa ba. Ya hana a ba Gwaggo ƙyallen kantinsa, ya sa yaransa su riƙa zubarwa a kwata.

A nan Madam ta shigo rayuwarta. 'Yar ƙabilar Ibo ce, Kirista, tana da keken ɗinki a Sabon Gari, ta daɗe a Kano har Hausarta ta nuna. Gwaggo ta je neman ƙyalle a rumfarta, sai ta ga yarinya a ƙarƙashin tebur, shan inna ya shanye mata ƙafa ɗaya, yatsun hannun dama sun dunƙule. A asibiti an ce a riƙa motsa yatsun kullum, amma da an taɓa sai ihu, har uwar ta haƙura. Gwaggo ta koma da kura. Ta zura dunƙulallen hannun a ciki ta ce kurar nan yunwa take ji, kuma ba ta cin abinci sai a hannun mai ita. Ta ajiye ƙuli-ƙuli a gabanta. Yarinyar ta yi ta fama, gumi yana zubo mata, har bakin kura ya ɗan buɗe. Abin da ta ƙi yi don likita ta yi shi don kura. Kafin shekara ta zagayo tana riƙe cokali.

Madam tana kiranta Mama, ita tana ce mata 'yata. Duk ƙyallen da ya rage a rumfar na Gwaggo ne, kuma Madam ce ta riƙa ɗinke mata rigunan mutanenta a keke.

Shekarar da aka yi faɗa tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka zubar da jini, kowa ya kulle ƙofarsa, kurar tana gidanmu an kawo ta gyaran haƙori. Ƙura ba ta gama lafawa ba Gwaggo ta yafa mayafi. Na riƙe ta na ce, "Gwaggo, ki bari a kwana biyu."

"Yatsun ba za su jira ba. In suka koma suka dunƙule, ke za ki buɗe su?"

Ta tafi ita kaɗai. Daga baya Madam ta ba ni labari, ta ce suna ɗaki sun tokare ƙofa da keken ɗinki, sai suka ji ana ƙwanƙwasawa. Mijinta ya ɗauki adda ya leƙa ta taga, sai ya ga kan kura na tsumma yana leƙo shi. Da Gwaggo ta dawo Baffa ya tare ta a zaure, a gaban mutane, ya ce ta je ta kai wa arna gaisuwa alhali ba a gama binne namu ba. Ta ce, "Yarinya na je gani. Shekararta shida, ba ta kashe kowa ba." Ta wuce ciki. Wata guda bai yi mata magana ba, ita kuwa ta ce ta samu hutu.

Ciwon ajalinta a ƙirji ya fara, bayan damina. Ta rame har zoben hannunta yana zamewa. Da ta ga ba tashi za ta yi ba, ta sa na tara mata yaran a ƙofar ɗakinta da safe, inda rana take faɗowa. Ta zura hannu a cikin tsohuwa mai farin gashi. Tsohuwar ta yi tari, ta dafa ƙirji, ta kwanta. Gwaggo ta zare hannunta a hankali, ta ɗaga hannun sama tana kaɗa yatsu, ta bar tsumman a yashe. Ta naɗe shi da farin ƙyalle. Sannan ta nuna tsumman, ta nuna kanta. Makauniyar kuma ta kama hannunta ta sa ta shafa naɗin, ta yi mata bayani a kunne.

Ɗana ya girgiza kai, ya warware ƙyallen ya cusa mata hannu a ciki da ƙarfi. Ta bar shi ya yi. Sai ta sake zarewa, ta sake naɗewa. Suka yi ta yi har ya gaji ya kifa kansa a cinyarta. Ta ce da ni, "In ban gaya musu ba, babu mai gaya musu. Za su ga an fita da ni a makara, su yi ta jira in dawo."

Gaskiyarta. Ranar da aka fita da ita babu wanda ya waiwayi yaran nan, amma babu wanda ya tambaya a cikinsu. Sun riga sun sani.

Ranar sadakar uku, ana rabon gumba, Baffa ya aiko 'yan dako biyu suka shiga ɗakinta suka fito da adakar. Ya ce rahama ba za ta sauka ga mamaciya ba muddin waɗannan abubuwa suna ɗakinta. Matan da suka cika gidan da yabonta babu wadda ta hana, wata ma cewa ta yi gara haka. Maigidana ya sunkuyar da kai, don ba ya iya ɗaga ido a gaban ƙanin mahaifinsa. Aka juye mutanen Gwaggo a kududdufin bayan layi, inda ake zubar da mushe da kashin yara. Adakar kuwa aka dawo da ita, don katakonta mai kyau ne, Baffa ya sa a ɗakinsa. Ɗana ya bi 'yan dakon har bakin ruwa, ya ga komai.

Madam ta zo gaisuwa washegari da 'yarta, yarinyar tana dogara sanda. Aka bar su tsaye a soro har sai da na fito na shigo da su ɗakina. Da na gaya mata abin da aka yi, sai ta toshe bakinta da gefen zani. Can ta ce ai ta riga ta ba wata Baturiya labarin Mama, wata mai aikin asibiti da ta yi mamakin hannun 'yarta, kuma ta ce za ta zo ta gani da idonta.

Ba a yi sadakar arba'in ba sai ga saƙo, Baturiya za ta zo gidan tsohuwa mai 'yan tsana. A nan na ga abin da ya fi komai tayar mini da zuciya. Baffa ya sa aka share ƙofar gida aka yayyafa ruwa. Ya aika 'yan dakon nan dai suka shiga kududdufi har ƙugu suna lalube. Suka tsamo abin da ya tsamu, guda huɗu ko biyar, sun yi kore, audugar ta kumbura, bakin fatar ya ruɓe yana wari. Ya aiko mini da su a kwando, wai in wanke da sabulu in turara.

Na wanke, don na Gwaggo ne.

Baturiyar ta zo da tafinta da Madam. Baffa ya sha babbar riga da rawani, ya shimfiɗa darduma a zauren da ya hana ɗana zama, ya sa aka kira yaron ya zaunar da shi a gefensa, har da dafa masa kai. Aka ce in tsaya daga bakin ƙofa ko za a buƙaci mai fassara hannu. Ina ji yana gaya wa tafinta cewa wannan aiki na gidansu ne, shi ya riƙa ba yayarsa atamfa daga kantinsa, ruwan sama ne ya shiga ɗaki ya ɓata su. Ya ƙara da cewa in gwamnati tana son yadi don irin wannan aiki, kantinsa a buɗe yake.

Baturiyar ta miƙa wa ɗana mai gemu, ta yi masa alama ya nuna mata yadda ake yi. Ya karɓa ya juya shi, ido ɗaya ya fita, gemun ya cure. Ya zura hannu. Sai ya yi alamar shafa gemu ya turo ciki, ya nuna Baffa da yatsa. Ya sa mai gemu ya tattara sauran 'yan tsanan, ya ɗaga su, ya watsar a ƙasa, ya toshe hanci. Ya sake yi, a hankali, yana kallon idon Baturiyar, yadda Gwaggo take maimaita abu har a gane.

Matar ta yi dariya ta tafa hannu. Baffa ma ya yi dariya, ya waiwayo ya ce da ni, "Ke, me yake cewa? Gaya wa baƙuwa."

Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da Baffa ba, suruki ne. Maigidana yana tsugune a gefe yana roƙona da ido. Amma yaron ni yake kallo, yana jira ya ga ko abin da ya faɗa zai isa.

Na ce, "Cewa yake kai ka sa aka zubar da su a kududdufi, Baffa."

Tafinta ya yi gyaran murya ya faɗa wa Baturiyar wani abu gajere da Turanci, ta gyaɗa kai tana murmushi. Madam ta buɗe baki za ta yi magana, ya riga ta da wata maganar, ya miƙe yana nuna agogo. Daga baya Madam ta gaya mini tafintan cewa ya yi wai yaron yana godiya ga kakansa. Baturiyar ta ɗauki hoton Baffa da hannunsa a kan ɗana, ta zaɓi amarya da akuya ta sa a jaka, suka tafi.

Kafin magariba Baffa ya ce in bar masa gida. Yau ina gidan iyayena a Kwaciri, ni da yaron. Maigidana bai sake ni ba, yana zuwa yana cewa in yi haƙuri in je in durƙusa in ce ƙarya yaron ya yi, komai zai wuce. Na ce masa duk abin da ake so zan faɗa a kaina, amma ba zan ce da yaron da ya sha wuya kafin ya samu bakin magana cewa maganarsa ƙarya ce ba. Yana neman mana ɗakin haya, ban san ko zai iya ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya yafe mata kaifin harshenta da maɓallan mutane. Ya sa yaran da ta tsaya wa su tsaya mata ranar da kowa zai nemi mai shaida. Mu kuma da muka ci gumbarta muka tashi, Allah ya ba mu kunya tun muna da rai.